Firji a Ɗakin Ƙofa

Shekarunsa arba'in da shida, yana da mata da 'ya'ya uku, sana'arsa gyaran firji, kuma tun da ya yi aure a gidan haya yake. A layin shagonsa ana kiransa Sai-na-gani, don ko cewa aka yi ana ruwa a waje, amsar da za a samu ke nan.

Sana'ar ce ta mai da shi haka. Duk wanda ya kawo firji zai rantse da kansa ya daina sanyi. Sai ya buɗe, ya haska fitila, ya ga sawun bakin wuƙar da aka sassaƙi ƙanƙara da ita har aka huda bututu. Ba ya musu da kowa, gyarawa yake yi, amma ya daina yarda da maganar baka.

Da ƙarfinsa ya kai na sayen gida, dillali ya nuna masa biyu. Ɗaya ƙarami ne, ɗaki biyu da falo, kusa da shago, irin wanda ake farawa da shi kafin a ƙara gaba. Ɗayan yana bayan gari, ɗaki biyar, da tsakar gida, da wani ɗaki a bakin ƙofa mai banɗakinsa. Wannan in ya saya, ya saya ke nan har tsufa.

Abin da ya fara ɗaure masa kai shi ne yadda dangi suka haɗa baki, mutanen da ko kan launin labule ba su taɓa yarda da juna ba.

"Ƙanena, babban za ka ɗauka," in ji yayansa, wanda maigidan hayarsa ya ba shi wa'adin tashi. "Ɗakin ƙofar nan kaɗai ya isa. Iska ta ko'ina, rana ba ta dukansa da yamma."

"Yaya, yaushe ka je da yamma?"

"Wucewa na yi."

Alhali hanyar gidan ba ta ɓullewa ko'ina. Surukarsa ta tambaya ko akwai matattakala, saboda gwiwa. Ƙanwarsa, wadda yaranta huɗu, ta tambayi makarantar da ke kusa. Ba wanda ya tambaye shi yadda zai riƙa zuwa shago.

Matarsa ce kaɗai ta ce ƙaramin. Ita ma bai ƙyale ta ba.

"Ke kuma me kika gani a ciki?"

"Maigida, in an saɓa maka ka yi zargi, in an bi ka ka yi zargi. Ni zan share ɗaki biyar, ni zan dafa wa runduna. Ka ji abin da na gani."

Ya koma babban gidan shi kaɗai, ba dillali. Maigadin ya tarbe shi da fara'a, ya ce ai yayansa ya zo da kafinta sun auna tagar ɗakin ƙofa, wata baiwar Allah ma ta zo ta ƙirga wuraren shanya. A jikin bango ya ga alamar fensirin kafinta, ya shafa ta da yatsa kamar yadda yake shafa sawun wuƙa.

Daga nan ya wuce ƙaramin gidan, ransa ya riga ya tsaya a kansa. Mai sayarwa, wani tsohon direba, ya zagaya da shi. Famfo lafiya, rufi ba ya yoyo. Sai dai a bayan kujerar falo ya hango katifu a jingine, ɗaya kan ɗaya, sun kusa taɓa silin.

"Baba, waɗannan fa?"

Tsohon ya yi dariya. "Na baƙi ne, ɗana. Na sayi ƙarami don kada a cika ni. Ashe su ba ɗaki suke tambaya ba, ƙofa suke nema. Ɗan ƙanena ya zo kwana biyu, a falon nan ya fara furfura. Ni da iyalina ɗaki ɗaya muka koma."

Sai-na-gani ya daɗe yana kallon katifun. Zuwa dai za a zo. Abin da ya rage shi ne ko zai samu ƙofar da zai rufe.

Babban ya saya. Matarsa ta yi kwanaki tana ajiye masa abinci ba magana. Surukarsa ya ba ta ɗakin da ba matattakala, wannan bai ja ba. Amma kafin a kai gado ko tukunya, ya ɗauki hayar motar kaya, ya kwaso matattun firjin da suka yi shekaru a bayan shago, waɗanda masu su ba su dawo ba. Ya jera su a ɗakin ƙofa har bakin taga, ragowar ya cika ɗakin da ke kallon wurin shanya.

Ranar Asabar da ta wuce yayansa ya zo da kafintan, ya leƙa ta taga, ya juyo.

"Ƙanena, wannan tarkacen yaushe za a kwashe?"

"Sai na gani, Yaya," in ji shi. Ya datse kwaɗon, ya jefa makullin a aljihun gaban riga.