Kumbon Gwangwanin Mijinyawa

Mijinyawa kakana ne na wajen uwa. Ban san shi da wayona ba. Abin da zan faɗa daga bakin matarsa na ji, kakata Uwaliya, wadda ba ta ƙara wa zance gishiri. Haifaffen Gazara ne, amma a Makarfi ya yi zamansa. Sana'arsa ƙirar gwangwani: fitilar aci-balbal, mazurari, ludayin awon mai, da liƙin butar da ta huje. Da damina ya yi ɗan nomansa na dawa, da rani ya ɗaura kaya a keke ya bi kasuwanni, yau Kudan, jibi Ikara. Mutum ne marar yawan magana, mai saurin shiga damuwa. Uwaliya ta ce ko hadari ya gani ya haɗo sai ya zagaya gida sau biyu yana taɓa danga.

Shekara biyu bayan samun mulkin kai ya je Zariya sayen dalma, wani abokin sana'arsa ya ja shi silima. Shi ne shigarsa ta farko, kuma bai sake ba. Fim ɗin na Turawa ne, wasu mutane suka shiga wani jirgi mai tsini suka tafi wata duniya can cikin taurari. Bai ji ko kalma ɗaya ba, bai kuma damu da labarin ba. Jirgin ya zuba wa ido. Ya ce yana ganin yadda haske ke zamewa a jikinsa ya san aikin hannu ne, wani maƙeri irinsa ne ya naɗe farin ƙarfe ya liƙe.

Da ya dawo gida ya yi kwana tara yana yanka gwangwanayen madara. Abin da ya fito tsawonsa kamu ɗaya, da fukafukai uku a gindi, da 'yan tagogi na fasasshen gilashin fitila. Ya rataye shi a rumfarsa ta kasuwa. Masu wucewa suka yi ta tambaya ko sabon samfurin mazurari ne.

A lokacin akwai wani Baturen auduga da ke zuwa fulotin Makarfi, inda ake sayen auduga, duk kaka. Ba wanda ya riƙe sunansa, Mai Lofe ake ce masa, kuma yana jin Hausa daidai gwargwado. Wata rana ya zo wucewa ya ga abin yana lilo a rumfa. Ya tsaya cak, ya cire lofen daga baki.

"Wa ya yi wannan?"

Mijinyawa ya zaci laifi ne. Ya ce, "Ranka ya daɗe, wasa ne kawai. In ba a so sai in sauke."

Mai Lofe ya ce kada ya kuskura. Mako na zagayowa ya dawo da mujallu cike da hotuna. Ya ce a garinsu yana da ɗaki guda da yake tara irin waɗannan abubuwa, kwaikwayon kayan da ake nunawa a finafinan sararin sama, amma bai taɓa ganin wanda aka yi da hannu haka ba. Daga nan suka ƙulla. Ya nuna hoto, Mijinyawa ya ƙera: kumbo mai kamar faifai, hular ƙarfe mai ƙaho biyu, wani akwati mai maɓallai da ba ya yin komai. Kowanne guda biyu yake yi, don ba ya iya rabuwa da abu sai ya ga ɗan'uwansa a rataye a gida. Kafin shekara uku ɗakin da Uwaliya ke ajiye tukwane ya cika, ta kwashe tukwanenta ta bar masa.

Da Mai Lofe ya koma ƙasarsu sai abin ya zama ta wasiƙa. Ya'u, akawun fuloti, shi ke karantawa, shi ke rubuta amsa. Sau biyu Mijinyawa yana kai akwati gidan waya a Zariya, sau biyu yana isa lafiya.

Na ukun ne ya zo da magana. Wasiƙar ta iso farkon shekarar sittin da bakwai, da hotuna biyu: wani babban kumbo, da wata bindiga mai faɗin baki kamar kakaki, wadda a fim haske take fitarwa. Mijinyawa ya sa aka amsa cewa zai yi. Kafin ya gama, yaƙi ya ɓarke. Aka kafa shingaye a hanyoyi, rediyo kullum yana gargaɗi a kula da baƙin kaya da baƙin mutane.

A Makarfi kuwa zance ya fara yawo. Wani ya leƙa ya ga bindigar a kan tabarma, wani ya ƙara da cewa ai Turawa yake aika wa. Mutanen da suka saba zama a rumfarsa suka rage. Mijinyawa ya daina cin abinci sosai. In ya ji ƙarar mota ta tsaya a bakin hanya sai ya ajiye almakashi ya kasa kunne.

Zancen ya kai Gazara. Yayansa, Malam Muhammadu Lawal, wanda ke karantar da Alƙur'ani a can, ya zo da kansa. Bayan an gaisa, an tambayi iyali da damina da gajiyar hanya, ya ce a nuna masa. Ya jujjuya bindigar a hannu, ya ƙwanƙwasa ta da farce.

"Ni na san gwangwani ne. Soja ya sani?"

"Yaya, na riga na yi wa mutumin alkawari."

"Alkawari kaya ne, ban ce ka yar ba. Amma lokacin da ka ɗauka ƙasa lafiya take. Ka jira ƙura ta lafa."

"In na jira, abin yana nan a ɗakina, ana ta magana. Gara ya bar gidan."

Malam ya ce, "To, Allah Ya tsare. Ka tafi da wasiƙar da hotunan a aljihu, kada ka sa su cikin akwatin."

Uwaliya ita cewa ta yi a jefa bindigogin biyu a tsohuwar rijiya a huta. Ya jefa tasa ta gida. Ta Mai Lofe kuwa ya naɗe ta da tsumma, ya kwantar da ita kusa da kumbon cikin akwatin katako, ya cusa auduga ko'ina, ya buga ƙusa.

Ranar tafiya ya shiga lorin Zariya da hantsi, ya ƙi yarda a ɗora akwatin a sama, ya rungume shi a cinya. Motar cike take da 'yan kasuwa da buhunan barkono. Wata tsohuwa mai suna Sabuwa, wadda ta san shi a kasuwa, ta ce, "Mijinyawa, gumin nan fa? Ko zazzaɓi ne?" Ya ce barkono ne.

Sun yi nisa, sai direba ya rage gudu. Ga ganguna an jera a hanya, ga sojoji huɗu. Aka ce kowa ya sauko da kayansa. Wani kofur ya bi layi yana zungurar buhuna, har ya iso kansa.

"Kai, mene ne a ciki?"

"Kayan ƙira ne, yallaɓai."

"Wannan rubutun fa?"

"Adireshi ne. Ƙasar Turawa za shi."

"Buɗe."

Mijinyawa ya ɓamɓare murfin. Kofur ya sa hannu cikin audugar, abin da ya fara cin karo da shi tsummar nan ce. Yana warwarewa ya yi tsalle baya ya daka tsawa. Nan take bindigogi uku suka juyo kan Mijinyawa. Fasinjoji suka watse, wasu suka faɗa cikin dawa. Kofur ya hango kan kumbon mai tsini yana leƙowa daga auduga, ya ce bam ne, kada kowa ya matso.

Aka tambayi direba ko ya san shi, ya ce a tasha kawai ya ɗauke shi. Sauran duk suka sunkuyar da kai. Sabuwa ce kaɗai ta ɗaga murya ta ce, "Ɗan nan, mai aci-balbal ne! Fitilar ɗakina ma shi ya yi!" Ba wanda ya saurare ta. Aka kora su cikin mota, lori ta tashi ta bar shi.

Suka zaunar da shi a rana, hannu a ka, akwatin yana can tsakiyar fili shi kaɗai. Ya ce yana da takarda a aljihu, aka ce ya yi shiru sai Saje ya zo. Azahar ta yi, ya roƙi a bar shi ya yi salla, suka bar shi ya yi taimama a inda yake. Uwaliya ta ce ya gaya mata a zaman nan ba mutuwa ya fi tunani ba. Tunaninsa yadda za a ce a Gazara ƙanen Malam ne aka kama da bam.

Sai wajen la'asar Sajen ya iso, wani dattijo mai furfura a gefen kai. Ya karɓi wasiƙar ya karanta a hankali, ya dubi hotunan, ya dubi bindigar. Ya auna ta a tafin hannu, ya leƙa bakinta.

"Wannan ba ta da nauyin komai. Wancan fa, me ke cikinsa?"

"Iska ce, ranka ya daɗe."

"Kai ka yi shi?"

"Ni na yi."

"To je ka buɗe cikinsa da hannunka, mu muna nan."

Mijinyawa ya tsaya. Wata biyu ya yi yana wannan kumbon, liƙinsa ko layi ba a gani. Ya ce, "Ranka ya daɗe, ko a girgiza shi a ji?"

"Na ce ka buɗe."

Almakashinsa na cikin jaka, ba ya tafiya ba shi. Ya je ya durƙusa, ya nemi wurin da ɓarnar za ta fi sauƙi, ya tsaga cikin kumbon kamar tsawon yatsa, ya buɗa. Saje ya matso ya leƙa. Daga ciki fentin gwangwanin yana nan, ga hoton saniya tana kiwo. Ya kira kofur ya ce shi ma ya leƙa. Ba wanda ya yi dariya.

"Kumbonka ka tafi da shi," in ji Saje. "Bindigar kuwa ta tsaya nan. Akwai shinge biyu a gabanka, kuma ba kowa zai tsaya karanta wasiƙa ba. Kana ji na?"

"Na ji, ranka ya daɗe. Na gode."

Saje ya sa ƙafa ya taka ta. Ta lotse ba ko ƙara. Sannan ya rubuta 'yar takarda ya ba shi, ya tsayar da wata motar itace ya ce a kai shi Zariya.

Mijinyawa ya kwana wurin abokin sana'arsa, da safe ya ari wuta ya liƙe tsagar, amma tabon bai ɓoyu ba. A gidan waya ma'aikacin ya tambaye shi abin da za a rubuta a takardar kwastan. Mijinyawa ya ɗaga masa murfin. Ma'aikacin ya leƙa ya ce, "Kayan wasan yara ke nan." Ran Mijinyawa bai so ba, amma ya ce a rubuta haka.

A Makarfi kuwa labari ya riga shi isa. Sabuwa ta aiko da saƙo, Uwaliya ta kwana biyu ba ta ɗora tukunya ba, Malam ya zo yana shirin bin sawu. Da ya shigo gida da ƙafarsa, Uwaliya ta tashi ta ɗora tukunya.

Hankalinsa bai kwanta ba duk da haka. Wata ɗaya, biyu, uku, ba amsa. Kullum ya bi ta wajen Ya'u, Ya'u ya girgiza kai. Wani lokaci Mijinyawa ya ce jirgin ruwan da ya ɗauki akwatin ne ya nutse, wani lokaci ya ce an buɗe akwatin a Ikko an rubuta sunansa. Ya sa Uwaliya ta rufe ɗakin kayan da asabari, ya hana kowa shiga.

Sai bayan an gama girbin dawa wasiƙar ta zo. Ya'u ya kawo ta rumfa da kansa. Mai Lofe ya ce akwati ya iso, kumbon ya fi na fim ɗin kyau, ya ga tabo a cikinsa yana son jin labarinsa, kuma ina bindigar? A ciki akwai hoto: wani kanta mai gilashi, kayan Mijinyawa jere, kumbon a tsakiya.

Mijinyawa ya daɗe yana kallon hoton, ya kai shi kusa da ido, ya nisanta shi. Can ya ce, "Ya'u, ɗauko alƙalami. Ka gaishe shi da kyau, ka tambayi iyalinsa. Ka ce bindiga ba na yi kuma, kada ya sake aiko hotonta. Sannan ka ce na gani a hoton, fiffike ɗaya ya ɓalle a hanya, kuma baibai ya liƙa shi. Ya cire ya juya."

Bayan yaƙi ya ƙara aika akwati huɗu, har wasiƙun suka daina zuwa. Ya ci gaba da ƙirar fitilu sai da idonsa ya yi rauni. Ya rasu a Makarfi, aka kai shi Gazara aka rufe kusa da yayansa.