Hannun da Kawu Matso Ya Hana a Goge

Kullum da safe, kafin masu shagunan layin su gama share ƙofa, Kawu Matso ya riga ya ɗaga ƙyauren shagonsa na wanke hotuna. Zai goge gilashin kanta da tsumma, ya kunna inji ya bar shi ya yi ɗumi, sannan ya jawo kujeru biyu gaban kwamfuta. Ɗaya tasa ce, ɗayar ta duk wanda ya kawo hoto. A shagon Kawu ba a miƙa waya a tsaye a ce "wanke mini" a wuce. Sai ka zauna kun kalli abin da ka ɗauko tare.

Sunan ma daga bakinsa ya fito. In ka nuna masa hoto goma, a tara zai ce, "Da ka matso kusa." Da haka sunansa na yanka ya ɓace a unguwa. Wasu na cewa ya cika katsalandan, kuma gaskiya ne, ya cika. Amma ban taɓa ganin wanda ya tashi daga kujerar nan da ɓacin rai ba, domin Kawu ba ya fara gyara sai ya nemo abin yabo. Makanikin da ke maƙwabtaka da shi ya rantse ya taɓa kai masa hoton da babu komai a ciki sai babban yatsansa da rabin katanga. Kawu ya daɗe yana kallo, can ya ce, "Katangar ta fito da kyau." Bayan sun gama dariya ya nuna masa yadda ake riƙe waya.

Kayan koyarwarsa kwali ne guda biyu, kowanne an yanka shi kamar kusurwar firam. Zai ɗora su a kan hoto yana matsar da su a hankali, har bokiti da igiyar shanya su fita, mutum ya rage. Malamar makarantar bayan layi ta ce shi ya raba ta da jera ɗalibai rana na bayansu, su fito baƙi ƙirin. Mai sayar da takalma ta waya ta ce sai da Kawu ya sa ta daina ƙara wa kaya launi, sannan masu saye suka daina dawo mata da su.

Namu labarin ya fi waɗannan nauyi. Abbanmu kafinta ne, kuma shi da Umma ba su taɓa son hoto ba. Ɗaya tak muke da shi nasa, na katin shaida, ya ɗaure fuska kamar wanda aka kama da laifi. Da ciwo ya ci ƙarfinsa, likita ya ce mu koma da shi gida mu kula da shi, duk mun gane abin da ake nufi. Lokacin matata na da tsohon ciki. Ƙanwata Auta ce ta faɗi abin da ke ranmu: in ba a yi wani abu ba, yaron nan ba zai san fuskar kakansa ba.

Ta ɗauki hotuna da wayarta, na kai ta shagon. Duk a tsaye ta ɗauke su, Abba na kwance, fitilar waya ta dalle masa ido. Sannan ta bi su da filta har fuskar ta yi sumul kamar ta jariri.

Kawu ya gyara tabarau ya ce, "'Yata, dubi yadda yake kallonki. Wannan ba a koyar da shi, kin riga kin samu." Ya sake duba hoton. "Amma bawan Allahn nan shekarunsa nawa?"

"Ya haura saba'in, Kawu."

"To ina kika kai su?"

Auta ta fashe da kuka. "Ba na son a tuna shi da ciwo."

"Ciwon za mu fitar, ba shi ba," in ji Kawu. Ya bar ta ta share hawaye, sannan ya ce ta kashe fitilar, ta zaunar da shi kusa da taga da hantsi, ita kuma ta zauna ƙasa-ƙasa daidai idonsa, domin wanda aka ɗauka daga sama ƙanƙancewa yake yi. Kada ta ce ya yi murmushi, ta ja shi da hira kawai.

Na ce, "Kawu, ai gara ka zo da kyamararka a wuce wurin."

Ya girgiza kai. "In na zo, baƙo zai gani, ya ɗaure fuska. Ita yake yi wa wannan kallon."

Washegari Auta ta maƙala wa Abba fensirinsa na aiki a bayan kunne, ta tambaye shi ƙofar farko da ya taɓa yi, wadda aka ce ba ta rufuwa sai da duka. Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi, Umma ta yi sauri ta dafa kafaɗarsa. A daidai nan Auta ta danna.

Muka koma shagon. Kawu ya ɗora kwalayensa, kwalaben magani suka fita, gefen gado ya fita. Auta ta nuna kusurwar sama. "Saura hannun Umma. Ya shigo ya ɓata, a goge shi."

Kawu bai yi musu ba. Ya rufe hannun da kwali ya ce ta kalla. Tsoho ne shi kaɗai yana dariya. Ya janye kwalin ya ce ta sake kallo. "Hotonki ne, 'yata, gogewa ba ta da wuya. Amma faɗa mini, wanne ne Abbanki?"

Auta ta kalli fuskar, ta kalli hannun. Can ta ce, "Bar shi, Kawu."

Abba ya ga hoton a firam. Ya yi mitar an ɗauke shi ba hula, amma bai yarda a janye shi daga gabansa ba. Allah ya karɓi abinsa kafin matata ta sauka. Bayan masu ta'aziyya sun watse, na iske Umma zaune da firam ɗin a cinya. Ta taɓa kusurwar nan ta ce, "Ashe ina ciki." Ni kuwa sai kuka.

Ƙarshen watan nan Kawu Matso zai rufe shago. Idon da ya yi wa mutane gani ya gaji, 'ya'yansa sun ce ya isa haka. Kawu, kai ne mai gyara ba da cin fuska ba. Kai ne ka san gwaninta amma ka ƙi karɓe wayar daga hannun mai koyo. Da ka wanke hotunan farko ka miƙa mana, ba wanda zai ga laifinka, mu kuma da mun rataye baƙo a bango.

Ku da ake nuna wa aiki, malamai da iyaye da masu sakin magana a ƙarƙashin hotunan mutane a waya, ku ɗauki darasi. Ku fara ganin abin da mutum ya yi daidai, ku faɗi gyara ɗaya da zai iya yi gobe, ku bar masa zaɓi.

Mun gode, Kawu, Allah ya saka da alheri, ya ba idanunka sauƙi. Ɗana ya fara magana yanzu. Shekaranjiya na ɗaga shi gaban hoton, ya nuna fuskar ya ce "Kaka". Sai ya nuna hannun, ya waiga yana neman Umma.