Kawu Ilu da Farashin Ganga

Ku da kuka saba haɗuwa da Kawu Ilu a kasuwar Longsight ta Manchester kun san ba ya amsa gaisuwa sai ya tambaya, "Nawa ganga yau?" Gangar ɗanyen mai yake nufi. In ka ce ba ka sani ba, sai ya dube ka kamar wanda ya makara sallar asuba. Ni ɗan ƙanwarsa ne, shekara huɗu na yi a ɗakinsu na sama ina karatu, na sha wannan tambaya har ta ginshe ni.

Asalin abin a Aberdeen ne, inda ya fara aiki a wani kamfanin mai. Tsohuwar da suke haya a gidanta ta ce ya saya, za ta yi masa sauƙi. Kawu ya ƙi.

"Mai ne ya kumbura gidajen garin nan," in ji shi. "Ranar da ya sace, su ma za su sace."

Mai bai sace ba. Ma'aikata suka yi ta kwararowa, haya ta yi ta hawa, har ta koro shi da matarsa Inna Hajara da yara biyu zuwa Manchester. Wani zai ɗauki darasi. Kawu kuwa ilimi ya ɗauka, ya ce duk gidan da ke duniya da ganga yake tafiya.

Wata rana Inna ta lallaɓa shi muka je duba wani flat, ɗan gidan da ake sayarwa, a Whalley Range. Matar da ke nuna mana tana bayanin kicin, sai ya katse ta ya ce ko akwai mai a kusa. Baiwar Allah ta ce ƙwarai, akwai gidan mai a kan kwana. Ya juya ga Inna.

"Kin ji ko? Shi ya sa ya yi tsada."

A bas ɗin komawa mai hawa biyu Inna a sama ta zauna, shi a ƙasa, ni ina tsaye a tsakani.

Da 'yarsu Bilkisu ta sayi nata a Birmingham, muka cika mota muka je walima. Bai gama cin waina ba ya fara gaya wa baƙi an cuce ta.

"Baba, babu ko ɗigon mai a Birmingham," in ji Bilkisu.

"Shi ne ya fi muni. Tsada babu dalili."

Haka aka yi ta tafiya. Sau biyar masu gida suna tashinsu, na ƙarshen cikin tsananin sanyi, Inna na rungume da keken ɗinkinta a bakin titi. Da a ƙarshe mai ya faɗi, gidajen Aberdeen suka karye, mutumin nan ya yanko labarin daga jarida yana bin mutane da shi a ƙofar masallaci. Inna ta ce to madalla, sai a je a saya.

"Yanzu? Ai bai gama sauka ba."

Nan haƙurinta ya ƙare. Da mai gidan da suke haya a Longsight ya sa gidan a kasuwa, ita da Bilkisu suka haɗa ƙarfi suka saye, aka gaya wa Kawu sabon landlord, wato mai gidan, a nesa yake, ta hannun Inna yake karɓar haya. Duk wata sai ya miƙa mata yana mita. "Wannan landlord wawa ne. Wa ke sayen gida a irin wannan lokaci?" Inna ta ce, "Wawa ne ƙwarai, Malam," ta zuba masa shayi.

Ina gefen gadonsa a asibiti, kwana biyu kafin ya cika, ya riƙe hannunta.

"Hajara, ki gaya wa landlord rufin banɗaki na yoyo."

"Zan gaya masa."

"Ki gaya mata dai. Ta yi wauta a farashi, wannan ba na janyewa. Amma tun da ta saya nake barci."

Inna ta rasa dariya za ta yi ko kuka, ta haɗa duka biyun.

Ka gajiyar da mu, Kawu, Allah ya sani. Allah ya jiƙanka, ya yafe maka, ya saukar da kai inda ba a tashin kowa. Ya ba Inna haƙurin rashinka.