Baba Ongdup Mai Gadar Gora

Da sassafe, kafin a ɗora shayin man shanu, Baba Ongdup Lepcha yakan gangara bakin kogi ba takalmi. Yana taka gadar gora a hankali, yana shafa kowane ƙulli, inda ya saki ya ɗaure. Shekara arba'in da ɗaya ke nan. Duk baƙon da ya zo ƙauyenmu ganin duwatsun da kakanninmu, ƙabilun Lepcha da Bhutia, suka yi rantsuwar 'yan'uwantaka a gabansu, ta kan aikinsa ya haye. Su ɗauki hoton duwatsu su tafi, ba mai tambayar sunansa.

Mu kam mun sani. Shekarar da kogi ya kwashe gadar, saura kwana tara bikin da ƙabilun biyu ke haɗuwa a duwatsun, dattawa suka ce a ɗage. Sai ga Ama Dikila, tsohuwar Bhutia da bikin bai taɓa wuce ta ba, tana dogara sanda har ƙofarsa.

"Ongdup, an ce kogi ya fi ƙarfinka. Ni fa ba ni da tabbacin baɗi."

"Iya, ku Bhutia ba ku da aiki sai tsokana. Je ki wanke kayan bikinki."

Ya shiga kurmi da mutum goma sha biyu, suka saro gora da igiya. Shi ya ɗaura igiyar farko a ƙugu ya ratsa ruwan sanyi. A kwana na takwas gada ta tsaya. Ranar biki ya goya tsohuwar, suna tsakiyar gada ta ce, "Ka kayar da ni, wallahi fatalwata a ɗakinka za ta tare." Dariya ta kusa zubar da su duka biyun.

Bana gwiwa ta ce ya isa. Baba, kai ne ka sa ba mu taɓa duban ƙasa ba in muna hayewa. Mata da goyo, masu buhu a baya, baƙi masu rawar ƙafa, ko ɗaya bai faɗa ba a hannunka. Mun gode, gwanin ƙulli.

Baba ya ce hannunsa lafiya lau, zai koyar da ɗaurin gada ga duk mai so. Ranar Asabar yana bakin kogi. A zo da wuƙa.