Maƙiya Shida na Wani Tsohon Ba'indiye

Wata rana, a mako na bakwai da kai Inna ƙasar Indiya wankin ƙoda, na fito harabar asibiti bayan la'asar na zauna a kan benci.

Na gaji. Irin gajiyar da barci ba ya maganinta.

Wayata ta yi ƙara. Na duba, Zubairu ne. Ƙanena, uwa ɗaya uba ɗaya.

Na ja tsaki na kife ta.

Shekara biyu ke nan ba ma ga maciji. Lokacin da aka sallame ni daga aiki, shi kuma harkarsa ta buɗe, wani abokina ya ja ni wajen mai duba. Mutumin ya zana ƙasa, ya ɗago ya ce, "Maƙiyinka a cikin gidanku yake."

Bai kama suna ba. Ni na sa sunan da kaina.

A Indiya waya ɗaya ce ke aiki a hannunmu, tawa. Kullum Inna sai ta tambaya, "Auta bai kira ba?"

Ni kuma in ce mata layi ne ba shi da kyau.

Ina zaune sai na ji an ce, "Sannu, Malam. Yaya mai jiki?"

Da Hausa!

Na waiga. Wani tsohon Ba'indiye ne a ƙarshen bencin, siriri, kansa fari fat, da ɗigon ja a goshi. A gabansa akwai keken marasa lafiya, wani tsohon da ya fi shi tsufa yana zaune a kai, ya ƙura wa bishiya ido.

Ashe ya yi shekara ashirin da huɗu a Kano, yana gyaran injuna a wata masaƙa. Hausarsa ta ɗan karye, amma ana ji. Har kewar kilishi ya yi mini.

Sai ya nuna wayar. "Wanda aka yi wa wannan tsakin, ɗan'uwa ne. Bare ba ya samun irinsa."

Na kawar da kai. Shi ma bai matsa ba. Ya gyara wa na kan keken mayafi, ya soma ba ni labari.

Ya ce a wajensu, in an haifi yaro, akan kai wa masanin taurari rana da sa'ar haihuwarsa, ya zana masa takarda mai gidaje goma sha biyu. Na shida shi ne gidan maƙiya da cuta. Da ya zama saurayi ya kai tasa aka karanta, aka ce masa nasa gidan a cike yake.

Daga ranar ya shiga neman maƙiyi.

Ya sa zoben dutse. Ya yi azumin Asabar. Ya daina cin abincin gidan kowa.

Da aka zo rabon gidan mahaifinsu, wansa ya ɗauki ɗakin da ke kallon gabas. Shi ke nan, ya ce ga maƙiyin ya bayyana. Ya tattara ya bar ƙasar. Wan ya yi ta aiko masa wasiƙu Kano, bai buɗe ko ɗaya ba.

Na ce, "To Baba, ka gano maƙiyan daga baya?"

Ya ce, "Na gano. Su shida ne, kuma tare muka hau jirgi zuwa Kano."

Ya shiga lanƙwasa yatsu. Sha'awa. Fushi. Haɗama. Ƙulafucin abin da zai wuce. Girman kai. Da yatsun hannu ɗaya suka ƙare, sai ya dafa ƙirjinsa ya ce, "Da hassada. Ita ce babbata."

Ya ce tun yana yaro kakarsa take karanta musu sunayen nan daga littattafan addininsu. Ta ce wanda ya ci su da yaƙi shi ne ya kuɓuta, kuɓutar da suke kira moksha, ran mutum ya huta da kai-komon duniya. Ya haddace su tsaf. Bai taɓa zaton da shi ake ba.

Na nuna na kan keken da haɓa. "Wannan fa?"

"Shi ne wan nawa."

Ya dubi wan nasa, ya ci gaba.

"Na dawo in roƙe shi gafara, na tarar tsufa ya shafe masa tunani. Shekara huɗu ina yi masa wanka, ina ba shi abinci a baki. Duk safiya sai na ce, Yaya, ka yafe mini. Shi kuma ya yi murmushi ya ce, bawan Allah, kana da kirki, wane ne kai?"

Bai yi kuka ba. Ina jin ya daɗe da wuce nan.

Aka kira lambarsu. Ya miƙe da ƙyar, ya kama keken, ya ce, "Allah ya ba Mama lafiya."

Ban sake ganinsa ba. Ko sunansa ban tambaya ba.

Addininmu ba ɗaya ba ne, kuma na san hukuncin zuwa wajen mai duba tun kafin in je. Amma kunyar da ta kama ni a kan bencin nan, ban taɓa jin irinta a wajen wani wa'azi ba.

Ba zan yi muku ƙarya ba, ban kira Zubairu a ranar ba. Sai da na kwana uku ina juya wayar a hannu.

Rana ta huɗu ya kira, na ɗauka. Na shirya jin zagi.

Ya ce, "Yaya, kai kaɗai kake ta fama. Kana samun abin da za ka iya ci kuwa?"

Na miƙa wa Inna wayar, na fita baranda na tsaya. Ta cikin ƙofa nake jiyo ta tana cewa, "Auta! Ashe layin ya gyaru."

Har yau ni da shi ba mu koma kamar da ba. Muna dai gaisawa, muna zama a tabarma ɗaya a ɗakin Inna. Wani lokaci abin yakan motsa mini in na ga sabuwar motarsa, sai dai yanzu na san sunan abin, na kuma san a jikin wa yake.

Darasi: Kafin ka tambayi wa ke bin ka da sharri, zauna ka ƙirga waɗanda ka ba masauki a zuciyarka. In kuma akwai wanda ya kamata ka roƙa gafara, roƙe shi tun yana iya gane fuskarka.

Tura wa wanda ka san yana gaba da ɗan'uwansa. In kai ne, ba sai ka tura ba. Kira shi.