Sunan Raelene a Gefen Layi

Raelene Kastellos ta fara sayar da ƙugiya da zaren kamun kifi a Darwin, arewacin Ostiraliya, tun muna 'yan mata. Shagonta yana kallon rumfar kifina a bakin tashar jiragen ruwa. Gajeruwa ce mai ƙatuwar murya, kuma ba ta taɓa shan laksa, romon taliyar nan mai yaji, ba tare da ta ɓata gaban rigarta ba. Ni ce Noreen, mai goge mata.

Wata shekara ƙanenta ya yi kuskuren lokacin janyewar teku, kwale-kwalensa ya kafe a laka, kada yana kewaya shi har ruwa ya dawo. Daga nan Raelene ta zauna ta koya wa kanta rubuta manhaja. Ta rubuta wadda ke lissafa lokacin da teku zai ciko da lokacin da zai ja baya, ta raɗa mata suna Ƙaguwa, ta sake ta a buɗe: kowa ya ɗauka kyauta, mai iyawa ya gyara. Masu yi wa masunta manhajar waya suka riƙa ɗora nasu a kanta.

A sana'arsu akwai wani abu da suke kira mai ɗora laifi. In ka danna shi, sai ya nuna a gefen kowane layi sunan wanda ya taɓa layin a ƙarshe. Al'adar Ƙaguwa kuwa ita ce, in ƙorafi ya zo, mai suna a layin ne zai amsa.

Na taɓa ce mata, "Ba kya jin kunya? Sunanki a cikin masu laifi tun daga sama har ƙasa."

Ta ce, "Rufa min baki, uwar ƙarni. Wanda bai yi aiki ba ne kaɗai ba shi da laifi."

Da ciwon daji ya kama huhunta, sai ta fara wani aiki na daban. Tana bin manhajar layi-layi tana sa wa kowane abu laƙabin irinsa.

"Kamar yadda kike rubuta wa ledojin firiza," in ji ta. "Wannan jatan lande ne, wannan kifin barramundi. To nan ma, wannan lokaci ne, wannan tsayin ruwa ne. Don kada mai gadona ya zuba sa'a a gurbin mita."

Ta koya min karɓar ƙorafi, in duba sunan da ke gefen layi, in tura wa mai shi. Wannan kaɗai na iya. Ta rasu mangwaro yana fara nuna, sa laƙabin bai kai rabi ba.

Cikin waɗanda ta ba izinin gyara akwai wani Tobias Wetherall, mutumin Melbourne, wanda bai taɓa jin warin lakarmu ba. Ya ce zai ƙarasa mata. Da farko ya saki wata na'ura ta bi manhajar duka tana daidaita sarari da waƙafi. Sannan inda Raelene ba ta kai ba, ya manna laƙabin "kowane iri", wato dai leda ce aka rubuta mata "wani abu".

Na danna mai ɗora laifi da safe. Tobias. Tobias. Tobias, har ƙasa. Tunda na'urarsa ta taɓa kowane layi, sunan ƙawata ya ɓace gaba ɗaya. Na yi kuka fiye da ranar jana'iza. Bayan haka na ji ya tsaya a wani taro yana cewa "Ƙaguwar da na farfaɗo da ita".

Na kira shi.

Ya ce, "Haba Anti Noreen, ai suna ba komai ba ne. Ci gaba ake magana."

Na ce, "Gaskiyarka, yallaɓai."

Ban zage shi ba. Al'ada kawai na bi. Duk ƙorafin da ya shigo, in duba suna, in tura masa. Sannan na bi bakin tasha jirgi-jirgi. Masuntanmu suna da tsoffin ƙunƙuni da Raelene kan kashe da tsawa ɗaya daga bayan kanta: rafin da ruwansa ke makara, gaɓar da lissafi ke zamewa in damina ta yi ƙarfi. Na ce kowa ya rubuta nasa, na nuna musu yadda ake yi. Ban ƙirƙiri ko ɗaya ba. Ya tafi hutu, na tura. Ya ce ba shi da lafiya, na yi masa sannu, na tura.

Kafin damina ta ɗauke, shi ya kira ni.

"Anti, wannan layin ban ma san abin da yake yi ba! Raelene ce ta rubuta shi."

"Wace Raelene? Ni Tobias na gani."

"Sarari kawai na gyara!"

"Ai suna ba komai ba ne, ɗana. Amsa musu, suna jira."

Na ji yana danne-danne a kwamfutarsa. Ashe akwai yadda ake ce wa mai ɗora laifi ya tsallake gyaran da yake na kwalliya ne kawai, ya nuna mai rubutun asali. Tobias ya san haka tun ranar farko. Amma sai a wannan kiran ya yi, ina riƙe da waya.

Na danna. Raelene, Raelene, Raelene. Sai can-can, inda aka manna "kowane iri", sunansa ya rage. Waɗannan nasa ne na halak, kuma har yau ina tura masa ƙorafinsu, har sai ya cire su ya sa laƙabin gaskiya. Ban yafe ba.

Jiya wani masunci ya aiko ƙorafi a kan rafin nan mai makara. Na duba gefen layi, sunanta ne. Na bar shi a buɗe a wayata kusa da sikeli har na tashi daga kasuwa, sannan na rubuta masa: "Mai laifin ba ta nan. Faɗa min, ina ji."