Innar Da Ta Cire Min Tsoro Ta Bar Min Kunya

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Alhamis, bakwai ga watan Agustan 2025, Allah ya karɓi ran Innarmu ta Gubuchi, mahaifiyar maigidana, bayan jinyar da ta ɗauka tun farkon damina. An kai ta makwancinta bayan la'asar, ana yayyafi.

Inna, da aka kawo ni gidanki ina amarya, labarin kwarjininki ya riga ni isowa. Ba ki duka, ba ki zagi, amma gyaran muryarki kaɗai yakan sa samarin zaure su rage ƙarar rediyo. Ni kuwa in na ji takunki, ko ruwa nake sha sai na ajiye kofin. Ina durƙusawa tun daga bakin ƙofa, ba na cin abinci a gabanki, ba na haɗa ido da ke. Mata suna yabona, wai Hafiza akwai ladabi. Ni ma a lokacin haka na ɗauka.

Ina da cikin fari wata takwas, wata safiya jini ya ɓalle min. Maigidan ya tafi kasuwar Makarfi. Wa zan gaya wa? Cikin da ko ambatonsa ba na iya yi a gabanki, ta ina zan buɗe baki in ce ga abin da ke faruwa? Na ƙara zane a kan zane na fito tsakar gida na kama daka, ina fatan abin ya tsaya da kansa.

Kina bakin murhu kina suyar ƙuli-ƙuli. Kika ga na jingina da taɓarya, sai kika sauke kaskon, kika kama hannuna zuwa ɗaki. Na zata faɗa za ki yi. Amma sai kika aika a kira Labaran mai a-kori-kura. Kika hau baya kika ɗora kaina a cinyarki, motar tana ta kwasar taɓo. A nan kika yi min maganar da ta fi kowace tsawo tsakaninmu.

“'Yar nan, wannan da kike yi min ba girmamawa ba ce, tsoro ne. Mai tsorona ɓoye min yake yi, mai ganin girmana kuwa ni yake fara kawo wa damuwarsa. Durƙuson da zai sa in binne ku ku biyu, ki riƙe abinki, ba na so.”

A asibiti aka ce sai an yi aiki, kuma ana bukatar jini. Maigidan da ƙannensa suka iso, ƙarti majiya ƙarfi, kowa yana raɓe-raɓe don tsoron allura. An ce kallo ɗaya kika yi musu suka shiga naɗe hannun riga. Ranar na gode wa Allah da ya yi ki mai kwarjini. Aka ciro yarinya da ranta, ni ma na tashi. Ranar suna aka raɗa mata sunanki, muke kiranta Nana.

Daga waje babu abin da ya canza. Na ci gaba da durƙusawa, ban taɓa kai loma baki a gabanki ba har kika bar duniya. Amma a da nakan durƙusa ne don ki wuce in samu in yi numfashi, daga baya kuwa don ina so in daɗe a wurin. Yanzu ina koyarwa a firamare, kuma in na ga yaro ya yi tsit sai in tambayi kaina wane irin shiru ne wannan. A wurinki na koyi tambayar.

Kika kuma ƙirƙiro mana wata al'ada. Kullum da safe in mun gama “lafiya lau” da “alhamdu lillahi”, sai ki ce: “To, an gama gaisuwa. Yanzu faɗa min gaskiya.” Da haka kika ji rashin lafiyar mahaifina, kika ji saɓanina da ɗanki, kuma ba kullum kike ba shi gaskiya ba.

Da ciwo ya kama ki bana, kowa ya tambaya sai ki ce da sauƙi, 'ya'yanki kuma babu mai iya musa miki. Na durƙusa na gaishe ki, na tattaro ƙarfin halina na ce: “Inna, an gama gaisuwa.” Kika yi dariya har da tari, kika ce: “Ja'ira, da sandata za ki dake ni?” Sannan kika nuna min inda ke ciwo, kika yarda aka kai ki asibiti. Allah bai nufa za ki tashi ba, amma na gode da kika ga girmana har kika gaya min.

Ya Allah ka gafarta mata, ka yalwata kabarinta, ka amintar da ita daga tsoro ranar firgici, kamar yadda ta amintar da ni a gidanta. Ina miƙa ta'aziyyata ga Baban Nana da ƙannensa, da Goggo Luba, da dukkan jama'ar Gubuchi. Allah ya ba mu haƙurin rashi.

An ce ba a rufe ta'aziyya ba a ambaci sunan mamaci ba. Na gwada, Inna, hannuna ya ƙi, kuma wallahi ba tsoro ba ne. Na miƙa wa Nana biro, tunda sunanta ne, kuma ke ce sanadin da ta rayu har ta iya rubuta shi:

Allah ya jiƙan Hajiya Halimatusa'adiya.